Yadda Ake Gina Ɗakin Ƙasa Mai Jure Damana

A garinmu Gabi, da sauran garuruwan gundumar Madarunfa, yawancin mutane da hannunsu suke gina ɗakunansu. In an gama aikin gona, an kai hatsi rumbu, sai ka ga magidanta da samari sun nufi kududdufi da diga da shebur. Wasu suna haƙa, wasu suna kwaɓi, mata da yara suna kawo ruwa, amalanke yana jidar tubali. In aikin ya yi yawa sai a kira gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ginin ƙasa yana da amfani ƙwarai. Ba ya cin kuɗi da yawa. Da bazara cikinsa yana da sanyi, da ɗari kuma yana riƙe ɗumi. In an kula da shi yana daɗewa. Hasumiyar masallacin Agadas da ƙasa aka gina ta. Tsayinta metir 27 ne. An fara gina ta wajen shekarar 1515, aka sake ta a 1844, ga ta nan tsaye har yau. Masallacin Yama, a jihar Tawa, shi ma na ƙasa ne. Magini Falke Barmu ya fara shi a 1962, a 1986 kuma aikin ya sami lambar yabo ta duniya ta Aga Khan.

Amma ginin ƙasa yana da abokin gaba, shi ne ruwa. Da ruwa ake kwaɓa ƙasa, ruwa ne kuma yake narkar da ita. A damanar 2024 an yi ruwa mai yawa a Nijar. Mutane fiye da 300 suka rasu, wasu ruwa ya ci su, wasu ɗaki ya faɗa musu. Jiharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. A Damagaram, ran 3 ga watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150, ya rushe.

Ruwa yana cin ɗaki ta hanya 3: daga sama, daga ƙasa, da kuma daga cikin gida. Mai gini ba ya iya hana ruwa zuwa. Abin da zai iya shi ne ya ba shi hanya ya wuce. A cikin wannan karatu za mu bi aikin gini daki-daki, mu ga yadda ake yin haka.

1. Zaɓen wuri

Mai son gini da rani, tun damana yake fara dubawa. In an ɗauke ruwa sai ya fita ya ga inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi. Wurin da ruwa ya kwana, ko hanyar da yake bi zuwa gulbin Gabi, ba wurin gini ba ne, ko da an ba mutum shi kyauta. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ko ya shekara 10 bai bi ta ba, wata rana zai komo.

Mutanen Maraɗi sun san wannan. Dā birnin yana cikin kwarin gulbi. A shekarar 1945 ambaliya ta ci shi, dole aka tashi aka koma bisa tudu, inda garin yake yanzu. Saboda haka a nemi tudu, ko wuri mai ɗan gangare. Kada a gina dab da kududdufi, kada kuma a gina kusa da gidan gara.

2. Zaɓen ƙasa

Ba kowace ƙasa ce ake gini da ita ba. Ƙasar sama, wadda take da taki da saiwoyi, ta noma ce; ana kwashe ta a ajiye gefe. Ta ƙarƙashinta ake so. Ƙasar gini mai kyau haɗi ce ta yashi da yumɓu. Yashi shi ne ƙashin tubali, yumɓu kuma shi yake riƙe yashin. In yumɓu ya yi yawa, tubali yana tsattsagewa sa'ad da yake bushewa. In yashi ya yi yawa, yana marmashewa a hannu.

Ga gwajin da za ku iya yi a cikin aji. Ku sami kwalba fara mai faɗin baki. Ku zuba ƙasa kashi 1 cikin 3, ku ƙara ruwa har kusa da wuya, ku rufe, ku girgiza sosai, ku ajiye. Cikin minti ɗaya tsakuwa da yashi za su kwanta a gindi. Bayan awa ɗaya ko biyu turɓaya mai laushi za ta kwanta bisansu. Yumɓu shi ne na ƙarshe, yakan kai gobe kafin ya gama kwanciya. Sa'an nan ku auna kaurin kowane da ma'auni. In yashi ya fi rabi, yumɓu kuma ya kai kamar kashi 1 cikin 5, ƙasar ta yi. In yumɓu ya zarce haka sai a ƙara yashi daga gulbi.

3. Bugun tubali

Ana zuba wa ƙasa ruwa, a tattake ta da ƙafa, a barbaɗa yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. Ciyawar tana aiki kamar zare cikin tufa: tana hana tsagewa ta yi nisa. Ba a buga tubali ranar da aka yi kwaɓi. Ana barin ƙasar ta kwana 2 ko 3 ta tsimu, kullum ana yayyafa mata ruwa ana juya ta.

Kakanninmu da hannu suke cura tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai. Yanzu an fi buga shi cikin akwatin katako marar gindi. Wani akwatin yana da tsawon santimetir 40, faɗi 20, kauri 10. Ana jiƙa akwatin, a danna ƙasa sosai har cikin lungunansa, a share bisa, a ɗaga. Bayan kwana 3 sai a tada tubalin bisa gefensa don iska ta ratsa shi. Yana bukatar kamar mako 2 kafin ya bushe har ciki.

Kafin a buga dubu, a fara buga 5 a gwada. In sun bushe, a gitta ɗaya bisa wasu biyu, babban mutum ya hau tsakiyarsa. In ya karye, ƙasar ko kwaɓin bai yi ba. Gara a gane haka da tubali 5 da a gane shi da ɗaki guda.

4. Shata ɗaki

Ɗakin da kusurwoyinsa suka karkace yana da wuyar rufi, kuma nauyi ba ya zama daidai bisa bangayensa. Ana shata ɗaki da turaku da igiya. Ga dabarar samun kusurwa madaidaiciya ba tare da wani ƙarfen awo ba.

A kafa turke inda kusurwa za ta kasance. A ja igiya gefe ɗaya, a auna metir 3, a sa alama. A ja wata igiya ɗaya gefen, a auna metir 4, a sa alama. Sai a auna tsakanin alamomin nan biyu. In an sami metir 5 cif, kusurwa ta yi daidai. In ya fi 5, ta buɗe da yawa. In bai kai ba, ta tsuke. Ku lissafa ku gani: 3 sau 3 ya ba da 9, 4 sau 4 ya ba da 16, in an haɗa su 25 ke nan, wato 5 sau 5. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da sunan wani masanin ƙasar Girka, Fitagoras, wanda ya rayu shekara 2,500 da suka wuce.

In an kafa turaku 4, sai a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a gicciye, sau biyu. Awon biyu dole su zo ɗaya.

5. Harsashi: ruwan da ke zuwa daga ƙasa

Ku duba tsofaffin bangaye a unguwarku. Za ku ga da yawa gindinsu ya zaizaye, ya rame, alhali samansu lafiya lau. Me ya kawo haka? Ku tuna da lagwanin fitila. Gindinsa ne kaɗai cikin kananzir, amma man yana hawa har bakinsa. Haka bangon ƙasa yake shan laima daga ƙasa. Laimar tana hawa da gishiri da kanwa. In ruwan ya bushe, gishirin yakan zauna ya riƙa cin bango yana mai da shi gari. Ga kuma ruwan sama da yake bugun ƙasa yana fantsama bisa gindin bango. Bangon da gindinsa ya rame kamar icce ne da aka sara rabi: iska kaɗan ta ishe shi.

Maganin wannan shi ne harsashi mai kyau. Ana haƙa rami har a tarar da ƙasa mai tauri, kamar santimetir 50, faɗinsa kuma ya fi na bango. Ana cika shi da duwatsu ko marmara, a daddaɓe. Wanda yake da hali yakan haɗa su da siminti. Harsashin ya ɗaga bisa ƙasa da santimetir 20 ko 30 kafin a fara jera tubalin ƙasa. In an shimfiɗa leda mai kauri tsakanin harsashi da tubalin farko, laima ba ta samun hanyar hawa.

Daɓen cikin ɗaki ya fi tsakar gida tudu. A waje kuma a yi ɗan dakali, ko a tara ƙasa a gindin bango a daɓe ta da gangare, yadda ruwa zai riƙa gudu daga ɗakin.

6. Tada bango

Ɗakin da za a rufe da ƙasa yana son bango mai kauri. Ana jera tubali a gicciye, kaurin bango ya zama santimetir 40. Ƙa'ida ta farko ita ce kada gaɓa ta hau bisa gaɓa. Kowane tubali ya zauna bisa mahaɗar biyu da ke ƙarƙashinsa. A kusurwa kuma tubalan bangon nan da na wancan su sarƙe kamar yatsun hannu biyu. Ƙa'ida ta biyu, kada a yi gaggawa. A jera layi 4 ko 5 kewaye da ɗakin duka, a bari su sha iska, gobe a ci gaba.

Don a ga ko bango ya miƙe, ana ɗaure ɗan dutse a bakin zare a sake shi daga sama. Zaren yana nuna tsaye na gaskiya. Don a ga ko bangaye sun zo tsayi ɗaya, ruwan da kansa yana taimakonmu. A sami siririn tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, a fitar da kumfa duka. Mutum biyu su riƙe bakunansa sama, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Inda ruwa ya tsaya a baki ɗaya, nan ne daidai inda ya tsaya a ɗayan, domin ruwa ba ya kwanciya a karkace.

Ƙofa da taga kada su matsa kusa da kusurwa. A bar kamar metir 1. Bisa kowace a gitta icce mai ƙarfi wanda ya shiga bango sosai dama da hagu.

7. Rufi da indararo: ruwan da ke zuwa daga sama

Nan ne aiki ya fi haɗari, nan ne kuma ya kamata a nemi magini wanda ya ƙware. Rufin soro ana yin shi da azara. Azarar giginya ita ce gaba, don tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cin ta ba. Bisa azara ana jera ƙirare, a shimfiɗa zana ko asabari, sa'an nan a zuba ƙasa a daɓe. Da yawa yanzu suna sa leda a ƙarƙashin ƙasar.

Mu lissafa nauyin da ke bisa kanmu in muna barci. Ɗaki mai tsawon metir 4 da faɗin metir 3, in kaurin ƙasar rufinsa santimetir 15 ne, nauyin ƙasar ya kai kamar kilo 3,000. Wato buhun siminti 60 ke nan, mai kilo 50 kowane. In ƙasar ta jiƙe nauyin ya ƙaru. Wasu kowace shekara sukan ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa. Duk santimetir 5 da aka ƙara, an ɗora wa azara buhu 20. Azara tana tsufa, kaya yana ƙaruwa. Wata rana sai ta gaza. Don haka in za a gyara rufi, a kankare tsohuwar ƙasar da ta lalace tukuna.

Mu lissafa ruwan kuma. In an ce an yi ruwa milimetir 1, ma'anarsa litir 1 ya zuba bisa kowane metir murabba'i, wato fili mai metir 1 tsawo, metir 1 faɗi. Rufin ɗakinmu metir murabba'i 12 ne. In an yi ruwa milimetir 50 a dare ɗaya, litir 600 ne suka zuba bisansa, jarka 30 mai litir 20. Duk wannan ruwa dole ya sauka nan da nan. In ya kwanta, zai nemi hanya ta cikin ɗaki.

Aikin indararo ke nan. Ana daɓe rufi da gangare zuwa bakinsa. Akwai indararon yumɓu da maginan tukwane suke gasawa, akwai na kwano, akwai na tiyon roba mai faɗi. Kowane iri ne, ya fito daga bango kamar rabin metir, don ruwa ya faɗi nesa. A liƙe kewayen wuyansa da kyau, gama nan ne yoyo ya fi farawa. Inda ruwan yake faɗuwa a jera duwatsu, ko a ajiye randa ko ganga a tara shi don wanki. Babban ɗaki indararo ɗaya ba ya isarsa.

Mai rufin kwano kuwa ya bar bakin kwanon ya zarce bango sosai, ya zama laima gare shi. Katakon da aka kafa kwanon a kansa a ɗaure shi da waya mai kauri wadda aka binne cikin bango tun ana gini. Iskar farkon damana ba ta wasa da rufin da duwatsu kaɗai suka danne.

8. Yaɓe

Yaɓe shi ne rigar bango. Shi ruwa yake ci maimakon tubali, shi ya sa ake sabunta shi. A ƙasarmu hadari ya fi tasowa daga gabas, don haka bangon gabas ya fi son kulawa.

Magina na dā suna da dabaru. Suna jiƙa ɓawon ƴaƴan ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta. Bango ya yi duhu, ya yi tauri, ruwa yana zamewa bisansa. A birane masu marina suna haɗa laso da katsi na karofi, da gashin jima, da dafara. Wasu kuma suna haɗa ƙasa da kashin shanu.

Yaɓen siminti bisa bangon ƙasa yana da kyaun gani, amma yana da aibi. Siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. In ya tsage, ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita. Bango yana ruɓewa a ɓoye, mai ɗaki bai sani ba. In kun ƙwanƙwasa yaɓen siminti kuka ji yana amo kamar ganga, ya rabu da bango.

9. Ruwan cikin gida

Ruwan wanka da na wanke-wanke ba su da damana ba su da rani, kullum ne. In ana zubar da su a gindin bango, suna cin sa a hankali. In sun fita ta rariya suka kwanta a titi, sun zama gidan sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro.

Kowane gida yana iya yin ramin shan ruwa. A haƙa rami mai zurfin metir 1 ko fiye, nesa da bango da kamar metir 3. A cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a bisa, a rufe. A daɓe wurin wanka da siminti, da gangare zuwa lungu ɗaya. Daga nan a binne tiyo zuwa ramin. Tiyon ya riƙa sauka santimetir 2 cikin kowane metir, don kada ruwa ya tsaya a ciki. A bakinsa a sa ɗan gwangwani mai huda-huda ya tare datti.

Masai kuwa a yi shi nesa da rijiya da metir 30 ko fiye, kuma ta wajen gangare, domin ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha.

Gidan da yake da famfo ya kula da ɗiga. Sau da yawa wata ƴar roba ce a cikin kan famfon ta cinye. A rufe ruwa daga babban makunni, a kwance kan da sifana, a sa sabuwar roba, a mayar. Ɗigar da aka raina ita take jiƙa harsashi dare da rana.

10. Kayan aiki

Diga, shebur, cokalin gini, guduma, zarto, igiya da ma'auni sun isa gina ɗakin ƙasa. In an gama aiki a wanke su, a ajiye inda ƙanana ba su kai.

Yanzu akwai injunan hannu masu aiki da lantarki ko batir: na huda katako, na yankan ƙarfe da kwano. Suna rage wahala, amma ba kayan yara ba ne. Mai aiki da su ya sa tabarau don tartsatsi, ya naɗe hannun riga, kada ya taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Ya cire waya daga wuta kafin ya sake musu baki. Janareto kuwa ba a tada shi cikin ɗaki. Hayaƙinsa yana da guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe mutum cikin barci.

11. In icce ya yi wuya

Kowane rufin soro itatuwa ne aka sare. Mutane suna ƙaruwa, daji yana raguwa. Dajin Baban Rafi da ke kusa da mu ba zai iya rufe ɗakin kowa ba. Giginya tana cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Wanda ya dasa dogon yaro a gidansa, ko ya raini tohon itatuwa a gonarsa, ya tanadi iccen ginin gobe.

Akwai kuma gini marar icce. An fara gwada shi a Nijar a shekarar 1980, a Cikal, cikin ƙasar Filinge. Dabarar ta samo asali daga ƙasar Nuba, a kudancin Masar. Ana jera ƙananan tubala a lanƙwashe har su haɗu a sama su zama ƙubba, kowane yana tokare da ɗan'uwansa. Irin wannan rufi yana tura bangaye waje, don haka yana son bango mai kauri da maginin da ya koyi aikin. Ba a yin sa da ka. Shi ma yana son yaɓe da indararo kamar kowane ɗaki.

12. Kafin hadari ya taso

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afirilu da na Mayu su ne lokacin duba gida. A hau rufi a toshe tsaga. A share indararo da rariya. A cike gindin bangon da ya rame. A sabunta yaɓe. A buɗe wa ruwa hanya daga tsakar gida zuwa waje, ba tare da an tura shi gidan maƙwabci ba.

Ku ma yara kuna da aiki, domin idonku yana da kaifi. Ga alamun ɗakin da yake shirin faɗuwa:

Tsaga wadda take ƙara buɗewa, musamman a kusurwa.
Azara ta lanƙwasa, ko tana ƙara, ko gari yana zuba daga jikinta.
Gindin bango ya jiƙe ya yi laushi.
Ƙofar da take rufuwa lafiya ta fara cijewa.
Ƙasa tana zubowa daga rufi.

In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku faɗa wa babba nan take. In ana ruwa da dare kuka ga haka, ku tada kowa ku fita. Kada a tsaya kwasar kaya. Ana sake ɗaki, ba a sake rai.

Ma'anar kalmomi

Harsashi: tushen gini, wanda yake cikin ƙasa.
Azara: iccen da ake gittawa bisa bangaye don ɗaukar rufi.
Indararo: abin da yake fitar da ruwa daga bisa soro.
Makuba: ɓawon ƴaƴan ɗorawa da ake jiƙawa don yaɓe ko daɓe.
Katsi: abin da yake kwanciya a gindin karofin rini.
Rariya: kafar da ruwa yake fita ta gindin katanga.

Tambayoyi

1. Ta hanya nawa ruwa yake cin ɗaki? Ku faɗe su.
2. Me ya sami birnin Maraɗi a shekarar 1945?
3. Mene ne amfanin ciyawa cikin tubali?
4. Ta yaya bango ya yi kama da lagwanin fitila?
5. Don me bai kamata a riƙa ƙara ƙasa bisa rufi kowace shekara ba?
6. Metir nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya?

Lissafi

1. Bango yana da tsawon metir 4 da tsayin metir 3. In kowane metir murabba'i yana cin tubali 38, tubali nawa za a buga?
2. Rufi yana da tsawon metir 5 da faɗin metir 4. An yi ruwa milimetir 40. Litir nawa suka zuba bisansa? Jarka nawa ke nan mai litir 20?
3. Tiyo yana da tsawon metir 6. Santimetir nawa bakinsa na ƙarshe zai yi ƙasa da na farko?

Aikin yi

1. Ku kawo ƙasa daga wuri 3 dabam-dabam, ku yi gwajin kwalba, ku zana abin da kuka gani.
2. Ku tsai da guntun tubali cikin faranti mai ɗan ruwa. Ku auna inda laima ta kai bayan kowane minti 10.
3. Ku shata ɗaki mai metir 4 da metir 3 a filin makaranta, da igiya da turaku.
4. Ku tambayi wani tsohon magini a unguwarku yadda ake gini a zamanin ƙuruciyarsa. Ku rubuta abin da ya faɗa muku, ku karanta wa ƴan ajinku.